GIDA DA LAFIYA: Wane launi ya fi dacewa da cikin ɗaki?

Damana ta wuce, kaka ta shigo. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Mai wake ya rore wakensa, mai gujiya ya tone gujiyarsa. Yanzu lokacin gyaran gida ya yi. Inda ruwa ya zaizaye katanga za a yaɓe, inda rufi ya yi yoyo za a toshe. Wanda zai aurar da ɗiya ko ya yi ma ɗansa aure yana tunanin ɗakin amarya. Wanda ya samu ɗan rara yana so ya shafe ɗakin kwanansa.

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Mutum ya je kasuwa, ya ga gwangwanin fenti mai sheƙi, ja ko kore ko shuɗi, ya zuba kuɗin buhun hatsi ya saya. Bayan ya shafe sai ɗaki ya yi duhu. Damana na zuwa sai fentin ya kumbura, ya riƙa ɓamɓarewa yana zuba ƙasa, yara na tsinta suna kaiwa baki.

Saboda haka wannan wata maganar launin cikin ɗaki za a yi. Launuka huɗu za a gwada da juna, waɗanda ba su gajiyar da ido kuma suna tafiya da kowane irin kaya: fari, ruwan madara, ruwan ƙasa da ruwan toka. Kowane da amfaninsa, kowane da aibinsa.

MI LAUNI KE YI A CIKIN ƊAKI?

Ɗakin ƙauye yawanci ƙofa guda gare shi, sai ƴar taga ƙarama. Haske kaɗan ke shiga. Idan hasken nan ya faɗa a kan bango, wani bango yana maido shi cikin ɗaki, wani kuma yana shanye shi kamar yadda yashi ke shanye ruwa.

Masana sun auna wannan abu. Idan aka raba hasken kashi 100, farin bango yana maido wajen kashi 80. Bango mai ruwan madara yana maido wajen kashi 70. Ruwan toka mai haske yana maido wajen rabi. Bangon laka da ba a shafe ba, kashi 20 zuwa 30 kawai yake maidowa. Bangon da hayaƙi ya baƙanta kuwa, ko kashi 10 ba ya kaiwa.

Ke nan fitila guda ce, amma aikinta ya bambanta. Mai koyon karatu da ya dawo daga makarantar yaƙi da jahilci, ya kunna fitilar ƙwai ko ta sola don ya maimaita darasi, zai ga baƙaƙe sosai a ɗaki mai farin bango. A ɗaki mai duhun bango sai ya kai takarda kusa da hancinsa. Haka ɗalibin da ke aikin makaranta da dare, haka macen da ke ɗinki ko tsintar shinkafa.

Abu na biyu shi ne lafiya. Kunama a kan bangon laka ba ta ganuwa, don launinsu kusan ɗaya ne. A kan bango mai haske kuwa, ko yaro zai hange ta. Haka kuɗin cizo, haka kyankyaso, haka hanyar gara. Sauron da ke kawo zazzaɓi, idan ya sha jini, yakan sauka a bango ya huta, kuma ya fi son lungu mai duhu, bayan kaya da ƙarƙashin gado. Bango mai haske yana tona asirinsa. Amma a lura: shafe ɗaki ba ya kashe sauro. Sange, wato gidan sauro mai magani, shi ne kariya, kuma babu launin da zai maye gurbinsa.

Abu na uku, wasu na cewa idan aka shafe cikin ɗaki da fari zafi zai ragu. Wannan magana da gyara. Zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, daga waje yake shigowa, ta rufi da bango. Farin da ke rage zafi shi ne wanda aka shafa a waje, musamman a kan kwanon rufi, don yana korar rana tun ba ta shiga ba. Farin ciki aikinsa haske ne.

FARI

Fari shi ne sarkin haske. Ƙaramin ɗaki idan aka shafe shi da fari sai ya yi kamar an ƙara masa faɗi. Rufi mai ƙasa-ƙasa sai ya yi kamar an ɗaga shi. Shi ya sa ake shafe gidajen likita da ɗakunan haihuwa da launi mai haske: duk ƙazantar da ta taɓa bango za a gan ta, a goge.

Aibinsa kuma nan yake. Fari ba ya rufa asiri. Hannun yaro mai miya, tofin goro, man kai inda ake jingina, ƙurar hunturu, hayaƙin fitila, duk sai sun bar alama. Gidan da ke da yara da yawa, farin bango ba ya wata uku bai canja ba daga ƙasa.

Wasu na ƙara ɗan shuni, irin wanda ake sa ma fararen tufafi, don farin ya ƙara fita. Kaɗan ya isa. Idan ya yi yawa bango zai koma shuɗi, da dare kuma ɗaki ya yi kamar hadari ya taso. Akwai kuma ɗakin da tagarsa babba ce, tana kallon gabas ko yamma, rana na shiga kai tsaye. A irin wannan ɗaki fari sol yana kashe ido, tsofaffi ba su jin daɗin zama ciki.

RUWAN MADARA

Ruwan madara fari ne da aka sirka da ɗan rawaya, kamar launin nonon da ya kwana da mansa. Haskensa bai kai na fari ba, amma ragin kaɗan ne. Abin da ya fi fari da shi biyu ne. Na ɗaya, yana da sanyi a ido, ko da rana ta shigo. Na biyu, ƙurar ƙasarmu ja-ja ce ko rawaya-rawaya, saboda haka idan ta kwanta a kansa ba ta fita fili kamar yadda take fita a kan fari.

Wannan launi ya dace da ɗakin mace. Jeren amarya, kwanoni da tasoshi da langa-langa masu zane iri-iri, zanen gado, labule, tabarmar kaba mai launi, duk sun riga sun cika ido. Idan bango ma ja ne ko kore, sai kaya da bango su riƙa kokawa, ba a ganin kyan kowane. A kan ruwan madara kuwa, jere yana fita sarai.

Ba sai an sayi launi a kanti ba. Ƙasa rawaya mai laushi, a daka ta, a tankaɗe, a jiƙa, a tace da tsumma, a zuba kaɗan-kaɗan cikin farar ƙasa. Launin da aka samo daga ƙasa ba ya kodewa da rana, farar ƙasa kuma ba ta cinye shi.

RUWAN ƘASA

Ruwan ƙasa launin laka ne, daga mai haske kamar yashin gulbi zuwa mai duhu kamar makuba. Shi ne launin da kakanni suka sani. Suna jiƙa ɓawon ɗorawa su samu makuba, su jiƙa bagaruwa su yi daɓe, su kwaɓa laka da kashin shanu ko ƙaiƙayi su yi yaɓe mai santsi.

Wasu matasa na ganin launin ƙasa launin talauci ne. Ba haka ba ne. Masallacin Juma'a na Yama, cikin jihar Tawa, da laka magini Falke Barmu ya fara gina shi a 1962, kuma a 1986 ya samu kyautar gine-gine ta Aga Khan, wadda duniya ta sani. Tsohon garin Agadas, da masallacinsa mai hasumiyar laka ta metir 27, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. A Dandaji, cikin jihar Tawa, a 2018 an maida tsohon masallacin garin ɗakin karatu, aka gina sabo da tubalin ƙasar wurin. Mariam Kamara, ƴar Nijar, tana cikin waɗanda suka tsara aikin. Duk waɗannan gine-gine launin ƙasa gare su, baƙi kuma na tasowa daga nesa don su gani.

A cikin ɗaki, amfanin ruwan ƙasa shi ne haƙuri. Yana ɗaukar dauɗa ba ya nunawa. Inda ya karce, ana ɗebo laka a lulluɓe, babu mai ganewa. Kuɗinsa ƙarfin mutum ne kawai.

Aibinsa duhu. Idan aka shafe ɗaki duka da shi, daga ƙasa har rufi, to ko da rana tsaka sai an lalubi abu. Kunama da ƙwari kuma sun samu maɓoya. Wanda ke son wannan launi ya nemi mai haske, irin na yashi. Mai duhu a bar ma daɓe da gindin bango.

RUWAN TOKA

Ruwan toka launin siminti ne. A birane, Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, mutane da yawa na barin shafen siminti haka nan ba fenti, wasu kuma na sayen fentin toka da gangan. A ƙauye ana samun sa idan aka zuba ɗan garin gawayi mai laushi cikin farar ƙasa.

Yana ɓoye hayaƙi da tabon hannu fiye da fari. Saboda haka ya dace da madafa da zaure da shago. Amma jar ƙura tana fita a kansa. Kuma ɗakin da tagarsa ƙarama ce, toka tana sa shi ya yi shiru, ya yi sanyi-sanyi kamar ɗakin ajiya. Da dare, a hasken fitilar sola mai fari, ya ƙara dushewa. Bangon simintin da ba a shafe ba ya fi fentin toka duhu, ga shi da kaushi, ƙura da yanar gizo na maƙalewa.

GARDAMAR MAI GIDA DA UWARGIDA

A gidaje da yawa akan yi gardama irin wannan idan lokacin shafe ya zo. Mai gida ya ce:

«Uwar yara, bana fari za a shafa. Ina so in riƙa ganin karatuna da dare.»

Ita kuma ta ce:

«Malam, wa zai riƙa gogewa? Yaran nan kafin sallah sun maida shi allo. A bar shi da makuba kamar bara.»

Kowanensu da gaskiyarsa. Maganin gardamar yana hannun tsofaffin magina: a raba bango biyu. Daga daɓe zuwa tsawon metir 1, ko ɗan fiye, wato wajen ƙugun babban mutum, a shafa ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka. Nan ne hannun yara ke kaiwa, nan ake jingina, nan tsintsiya ke watsa ƙura. Daga nan zuwa rufi a shafa fari ko ruwan madara. Nan ne haske ke bugawa ya dawo. Mai gida ya samu haskensa, uwargida ta huta da guga. Don layin ya miƙe, a kafa ƙusa biyu, a ɗaure igiya, a bi ta.

Ga yadda za a raba ma kowane ɗaki nasa:

Ɗakin kwana mai ƙaramar taga: fari a sama, ruwan yashi a ƙasa. Kada ƙasan ya yi duhu sosai, don a riƙa ganin kunama kusa da shimfiɗa.

Ɗakin amarya da ɗakin baƙi: ruwan madara.

Madafa: ruwan toka ko ruwan ƙasa. Amma maganin kunkunniya na gaskiya shi ne taga ko kafar da hayaƙi zai fita. Hayaƙin da ya baƙanta bango, shi ne ke shiga ƙirjin mai girki da jaririn da ke bayanta.

Zaure: ruwan ƙasa mai haske ko toka, don jama'a na zama suna jingina.

Ɗakin karatu na yaƙi da jahilci: fari, in ban da bangon da allo yake. Shi a ba shi ruwan madara, don kada baƙin allo da farin bango su gajiyar da idon masu koyo.

Launuka masu ƙarfi, ja da kore da shuɗi, suna da wurinsu: ƙyaure, taga, da zanen ƙofar gida, irin wanda ake gani a unguwar Birni ta Damagaram.

Makiyayin da ke zaune cikin bukka ba shi da bangon shafewa, amma maganar ta shafe shi. Sabuwar zana da sabuwar tabarma suna da haske, tsofaffin da hayaƙi ya ci sun yi duhu. Idan aka rataya farin ƙyalle bayan fitila, haske zai ƙaru a gefen da ake karatu. A nisanta ƙyallen da wuta.

DA MI ZA A SHAFA?

Zaɓen launi rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne abin da za a shafa. Iri huɗu ne.

Na farko, farar ƙasa ta rami, wadda mata ke haƙowa su jiƙa. Ba ta ƙuna, ba ta da tsada. Aibinta tana gogewa a jikin riga. Idan aka narkar da ƙaro, wato ƙaron ɗakwara, aka zuba ciki, za ta kama bango sosai.

Na biyu, farar ƙasa ta kanti, wadda ake ce ma «chaux» da Faransanci. Daga dutse take. Ana ƙona wani irin farin dutse a wuta mai zafin da ya kai wajen 900, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, cikin jihar Tawa, tun shekarun 1960. Idan aka shafa ta a bango tana shan iska a hankali, ta koma ɗan dutse-dutse. Tana hana funfuna, tana cike ƙananan tsagogi inda ƙwari ke ɓuya.

Waɗannan biyu su suka dace da bangon laka. Dalili shi ne, bangon laka yana shan danshi da damana, yana fitar da shi da rani. Farar ƙasa tana barin danshin ya fita.

Na uku, fentin ruwa, wanda masu kanti ke ce ma «fom». Da ruwa ake sirka shi. Ya dace da bangon da aka yi ma shafen siminti. Sabon shafe a bar shi ya yi mako 4 kafin a sa masa fenti.

Na huɗu, fentin mai, mai sheƙi. Yana wankuwa, shi ya sa mutane ke sonsa. Amma a bangon laka yana toshe danshi a ciki. Danshin ya rasa hanya, sai ya tura fentin ya kumbura, laka ta ruɓe a ƙarƙashi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Fentin mai na ƙarfe ne da katako, sai kuma gindin bangon siminti.

HATTARA DA DALMA

Akwai magana mai nauyi a kan fentin mai. Wasu masu yin sa suna zuba dalma ciki don launi ya fita, ya bushe da sauri. An fi samun ta a rawaya, ja, ruwan goro da kore. Dalma guba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce ko kaɗan ce a jinin yaro tana yin illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Tana cutar da mai ciki da abin da ke cikinta. Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978, amma ƙasashe da yawa har yanzu ba su da dokar da ta hana shi.

Mutanen kan iyaka sun ji abin da dalma ta yi a Zamfara, cikin Najeriya, a 2010. Yara fiye da 400 suka rasu. Can daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce.

Saboda haka mai sayen fenti ya sa a karanta masa rubutun gwangwani, ko ya karanta da kansa. A nemi wanda aka rubuta «sans plomb», wato babu dalma. Tsohon fentin da ke ɓamɓarewa kada a kankare shi a bushe; a jiƙa tukuna, a kwashe ɓarɓashin, a binne nesa da rijiya. Yara da masu ciki su fita daga ɗakin sai an gama, an share da jiƙaƙƙen tsumma. Gwangwanin fenti kuma kada a maida shi gugar ruwa ko mazubin abinci. Farar ƙasa, ta rami da ta kanti, ba a zuba mata dalma.

YADDA AKE AIKIN

Lokacin da ya fi shi ne bayan bango ya bushe daga damana, kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi.

1. A fitar da kaya, a share bango, a cire yana da hanyar gara. A toshe tsaga da ramuka da laka, a bari su bushe.

2. A jiƙa farar ƙasa tun jiya. Ta kanti iri biyu ce: gari, da kuma mai dunƙule-dunƙule. Mai dunƙulen idan ta haɗu da ruwa tana tafasa, tana tsartuwa. A zuba ruwa cikin tanon ƙarfe tukuna, sannan a riƙa jefa ta kaɗan-kaɗan. Kada a zuba ruwa a kanta. A kori yara da dabbobi daga wurin.

3. A tace da tsumma, a ƙara ruwa har ta yi kamar madarar da aka tatso yanzu. Mai kauri tsagewa take ta zube.

4. Idan za a sa launi, a kwaɓa wanda zai isa ɗakin duka lokaci guda. Kwaɓi biyu ba su fitowa iri ɗaya.

5. A yayyafa ma bango ruwa, sannan a shafa da burushi ko tsintsiya mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. Shafi na farko zai yi kamar ba a yi komi ba. A yi haƙuri, sai ta bushe take fari. A bari ta kwana, a sake. Shafi 2 ko 3 sun isa.

6. A rufe hannu da leda ko safa, a kiyaye ido. Idan farar ƙasar kanti ta faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, har minti 20, sannan a tafi gidan likita nan take. Kada a murza.

ƊAN LISSAFI

Ɗaki mai tsawon metir 4, faɗin metir 3, tsayin bango metir 2 da rabi. Kewayensa: 4 + 3 + 4 + 3 = metir 14. A ninka 14 da 2 da rabi, ya ba da 35. Wannan shi ne metir murabba'i 35, wato fili 35, kowane metir 1 a tsawo, metir 1 a faɗi. A cire 3 na ƙofa da taga, saura 32.

A bangon siminti mai santsi, litir 1 na fenti yawanci yana rufe wajen metir murabba'i 10 a shafi guda. Shafi biyu na ɗakin nan 64 ke nan, wato wajen litir 7. Bango mai kaushi ya fi haka sha. Wanda ya iya wannan lissafi, ba mai sayar masa da abin da ya fi buƙatarsa, kuma aikinsa ba zai tsaya a rabi ba.

A GWADA TUKUNA

Gani ya kori ji. Launi a cikin bokiti daban, a kan bango daban, don farar ƙasa idan ta bushe ta fi yadda take da jiƙa haske nesa ba kusa ba. Kafin a shafe ɗaki duka, a zaɓi bango guda, a shafa launuka huɗun nan kusa da juna, kowane kamu biyu a tsawo, kamu biyu a faɗi. A bari kwana 2. A duba da safe, a duba da azahar, a duba da dare da fitila. A kira uwargida ta gani, don ita ta fi kowa daɗewa a ɗakin.

Masu koyo a makarantun yaƙi da jahilci za su iya yin wannan gwaji tare. Da dare a ajiye fitila kusa da kowane launi, mutum ya riƙe wannan jarida ya gwada karatu. Sannan a tattauna: a wane launi baƙaƙe suka fi fita? Ina ake samun farar ƙasa da ƙasa rawaya kusa da garin? Mi tsofaffi ke zubawa don shafe ya daɗe? Idan mutum goma suka haɗa kuɗi suka sayi buhun farar ƙasa guda, nawa kowane zai biya?

Duk garin da ya yi gwajin ya rubuto ma jarida abin da ya gani, don wasu garuruwa su amfana. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, za a yi maganar taga: inda ya kamata a huda ta, da yadda za a sa mata raga don iska ta shiga, sauro ya tsaya waje.